Ƙeyar Bahago

Waɗanda suka yi aski a shagon da ke bayan tashar mota a shekarun baya ba za su manta mai shagon ba. Siriri ne, farar rigarsa kullum a goge, almakashi a aljihun gaba. Kujerarsa ta ƙarfe ce, wadda ake ɗagawa da ƙafa, irin da ba a ƙerawa yanzu. Ba ya riƙe suna, fuska ma takan ɓace masa. Amma in ya taɓa aske ƙeyarka, ko bayan shekaru ka dawo, kana juya baya zai gane ka.

"Kai ne mai tabon faɗowa daga mangwaro," zai ce. "Zauna. Sanƙon nan kuwa ya ci gaba da aski ba da izinina ba."

Ƙanensa ɗaya ne, mai gyaran rediyo, wanda kowa ke kira Bahago. Wata safiya Bahago ya ɗaure rediyon da ya gyara a bayan kekensa zai kai wa mai shi. Da la'asar aka tsinci keken a bakin gada, a jingine, a kulle, rediyon na nan a ɗaure. Mutumin ne babu. 'Yan sanda suka tsare mai rediyon, suka ga ba ruwansa, suka sake shi. Aka yi cigiya, aka zaga asibitoci da gidan yari. Shiru.

Bahago ya bar mata da tagwaye suna rarrafe. Mai aski ya ɗauki nauyinsu bai yi shawara da kowa ba. Kuma duk sa'ad da aka tsinci gawar da ba a san mai ita ba, shi ake kira. Ya rufe shago, ya je, ya roƙi a juya masa kan. Shi ya yi wa ƙanensa aski tun yana yaro: gashinsa wuri biyu yake juyawa a tsakar ka, ga baƙin tabo bayan kunnen hagu. Ya duba, ya ce ba shi ba ne, ya koma bakin aiki.

Har tagwayen suka shiga sakandare. Sai wani malamin makaranta da matarsa ta rasu, mutumin kirki, ya nuna yana son auren Uwar Biyu, matar Bahago. Ita ma ba ta ƙi ba. To amma matar aure ce, mijinta bai sake ta ba, ba a kuma ga gawarsa ba.

Ana cikin haka aka tsamo gawar wani daga kogi. Kawun su Bahago ya zo shago, ya jira mai aski ya sallami mutane.

"Ɗana, ruwa ya ɓata fuskar, babu mai ƙaryata ka. Ka ce shi ne, mu binne shi, baiwar Allah nan ta huta."

"Kawu, bari in gani tukuna."

Wannan karon Uwar Biyu ta bi shi asibiti, inda aka ajiye gawar. Ta zauna a bencin baranda, ya shiga. Bai daɗe ba ya fito yana goge hannu.

"Yaya, ƙanenka ne?"

"Ba shi ba ne."

Ta sunkuyar da kai. Ya ga yadda kafaɗunta suka sauka, ya kuma san abin da amsar ta hana ta.

"Kawu ya ce in ce shi ne," in ji shi. "Amma wannan ma ɗan wasu ne, wata na can tana jiransa. In muka binne shi da sunanmu, mun ɓatar da mutum biyu."

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba, Yaya. Na dai gaji ne."

"Na sani. Laifina ne da na bar ki kina jiran gawa. Ba sai ya mutu za ki huta ba. Gobe ki shirya mu je gaban alƙali. Ni zan tsaya in faɗi abin da na sani: ya fita, bai dawo ba, kin jira har jiran ya isa."

Ta ɗago tana dubansa.

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo, ni zai fara nema. Ki bar ni da shi."

Alƙali ya saurari shaidarsa, ya raba auren, Uwar Biyu ta auri malaminta. Har yau ba a san abin da ya sami Bahago ba.