Basillar da Na Bi Har Lyon

Asabar, Montreuil

Na fito daga gida ƙarfe biyar da minti goma, gari bai ko yi niyyar wayewa ba. Hadiza, mai ɗakina, ta biyo ni har bakin matakala da ƙullin dabino da burodi tana cewa, "Malam, ko shayi ba ka sha ba." Na ce mata yau ba ni da lokacin shayi. Watan Satumba ne, a tsakiyar shekarun 1980, shekarata ta bakwai a Faransa, kuma ban taɓa fita da nauyin zuciya irin na ran nan ba.

Bari in faɗi abin da ya tashe ni, kada mutanen garinmu Tasawa su ce Isuhu ya tafi yawon buɗe ido. Ni tela ne a shagon Kawu Sani da ke unguwar Goutte d'Or a Paris. Wata biyu kafin nan, wani Bature mai suna Bernard ya kawo mana aikin riguna shida masu kauri cike da auduga, irin wadda muke ce wa lifidi. Su wata ƙungiya ce ta manyan mutane masu hankalinsu, da malamin lakwal, wato makarantar boko, da mahauci da mai raba wasiƙu, waɗanda ke sa tufafin kakanninsu na shekaru aru-aru, su ɗauki takubba su yi ta jibgar juna don nishaɗi. Rigar ita ake sawa a ƙarƙashin sulke don ta shanye bugu. Sharaɗinsu kuwa: ban da keken ɗinki, ban da zip, ban da zaren roba. Komai da hannu. Layi-layi na bi su da basilla har yatsuna suka yi kanta.

To ina da wata ɗabi'a tun ina koyon ɗinki: da an ce salla, inda hannuna ya tsaya nan nake soke allura in tashi. Ranar Talata da la'asar na gama layin ƙarshe na riga ta shida, na yanke zare, na soke basillar a jikinta, na tafi masallaci. Kafin in dawo Bernard ya zo, Kawu ya ninke rigunan ya cusa a buhu ya ba shi. Sai ranar Juma'a da yamma na nemi basilla na rasa. Muka juye shagon kaf, har ƙarƙashin keke. Na buga wayar gidan Bernard sau tara, ba mai ɗauka. Takardar tallar da ya manna mana a bango ta ce za a yi faɗan ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, a Lyon.

Kawu ya ce, "Kai Isuhu ka cika ɗora wa kanka. Wa ya sani ko shara ta kwashe ta? Ka je ka tona wa kanka asiri su ɗauke aikin."

Na ce, "Kawu, tsawonta ya fi babban yatsana na tsakiya. Wani zai sa ta a ƙirji, wani ya kawo masa sara." Kawu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na kama metro na farko, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, na canja a Nation, ƙarfe shida da kwata ina Gare de Lyon, tashar jiragen ƙasa masu zuwa Lyon. Na yi sallar asuba bayan wani ginshiƙi, a kan mantona, babbar rigar sanyi. Ina sallamewa 'yan sanda biyu suka ce takarda. Na miƙa takardar zama. Babban ya dubi ƙasan mantona ya ga riga ta sauko har ƙauri, ya ce biki zan tafi? Na ce a'a, haƙuri zan je in bayar. Rigar saƙi ce baƙa, rinin shuni, wadda mahaifina ya ba ni ranar da zan baro gida. Mu dai a wajenmu ba a zuwa ba mutane haƙuri da tufafin aiki. Ya mayar mini da takardata ya ce in yi sauri.

Cikin jirgi

Ƙarfe bakwai daidai jirgin ƙasan ya tashi, sabon nan mai launin ruwan lemo da ke cinye kilomita ɗari huɗu da 'yan kai cikin awa biyu. Kuɗin tikitin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Kowa na yabon gudunsa, ni kuwa gani nake rarrafe yake. Wata tsohuwa da ke gefena tana saƙa da sanduna biyu masu tsini, na kau da kai don ko ganinsu ba na so. Na ci dabino uku, na ƙulle sauran.

Lyon

Tara da minti biyu muka sauka a tashar Part-Dieu. Na bi kwatance na ƙetare koguna biyu zuwa tsohon gari, unguwar Saint-Jean, inda takardar ta nuna. Tituna 'yan matsattsu shimfiɗe da duwatsu, tutoci a rataye, kashin dawaki a ƙasa, amma ba mai takobi ko ɗaya. Wani mai sayar da kofi ya ce ai zagayen gari kawai suka yi nan da safe, faɗan a wani fili ne bayan gari, kilomita goma sha biyar.

Na ce, "To me ya hana a rubuta haka a takarda?"

Ya juya takardar ya nuna mini bayanta. A rubuce yake ɓaro-ɓaro. Ni da na ɓamɓaro ta daga bango, ban taɓa juya ta ba. Haushin kaina ya ƙara kama ni.

Ranar Asabar kar ɗin, wato motar haya, da ke zuwa wajen ba ta tashi sai sha biyu da minti goma. Na zauna a tasha ina kallon agogo kamar zan cinye shi. Ɗaya saura kwata ta sauke ni a wata mararraba, direban ya nuna wata hanya ya ce saura kilomita uku. Na naɗe riga na fara sassarfa. Allah ya kawo wata 'yar motar burodi, mai ita ya tsaya ya leƙo.

"Wajen mahaukatan za ka?"

"Can za ni."

"Shigo. Kai wane sarki za ka zama?"

"Tela zan zama," na ce. Ya yi dariya har ya kusa faɗawa rami.

A bakin igiya

Ɗaya da minti ashirin na isa. Fili ne babba, an kafa tantuna farare, hayaƙi na tashi, an kewaye wurin da igiya. 'Yan kallo a waje, 'yan wasa a ciki. A ƙofa akwai wata mata doguwa da farin lulluɓi da tarin mabuɗai a ɗamara. Na ce mata Bernard nake nema, maganar rai ce. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ba mai ƙetare igiyar nan da kayan zamani, ko shi wane ne. Za ta aika a kira shi in an gama karon farko.

Raina ya ɓaci, na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce a zuci, yau ga mutanen da suka fi damuwa da maɓalli a kan ɗan Adam. Na tuɓe manto na yar, na kwance agogo, na cire takalma da safa, na ce, "Yanzu fa?"

Ta matso. Ta kama hannun rigata ta juya shi, ta bi ɗinkin da farce, ta ga ƙyallayen saƙi 'yan sirara da aka harhaɗa da hannu. Ta murza ta dubi yatsanta, shuni ya kama shi.

"Wa ya saƙa wannan?"

"Wani tsoho a garinmu. Ya rasu."

Ta ɗaga igiyar ta ce, "Duk filin nan ba wanda ya kai ka cika sharaɗi. Shiga."

Na shiga ba takalmi, ƙaya na sukata ban ko ji ba. Na tarar da Bernard yana ɗaure kwalkwali. Da na gaya masa, fuskarsa ta yi fari fat. Bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi jin sauƙi. Riguna biyu suna ajiye a tanti, uku a jikin masu su da ba su riga sun ɗora sulke ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda muke yi: ka kama layi da hannu biyu ka lanƙwasa, auduga za ta bi ka, ƙarfe ba zai bi ba. Ƙattin nan suka tsaya da hannuwa a sama ina lalube su. Biyar, babu komai.

"Ta shida fa?"

Bernard ya juya ya nuna tsakiyar fili. "Luc ne. Shi zai buɗe faɗan."

Luc shi ne mahaucin, ƙato mai jan gemu. Yana tsaye cikin da'ira, sulke har gwiwa, garkuwa a hagu, takobi a dama. Alƙalin wasa, wani tsoho mai doguwar sanda, ya riga ya shafa bakin takubban biyu da babban yatsa don ya tabbata dakusassu ne, yana karanta musu ƙa'ida da ƙarfi: sara kawai, ban da suka, ban da fuska, ban da wuya, ban da ƙasan gwiwa, wanda ya durƙusa ba a taɓa shi. Sun duba takobi, sun duba kwalkwali, sun duba safar hannu. Cikin auduga ne kaɗai ba wanda ya yi tunanin dubawa.

Muna kutsawa cikin mutane sandar alƙalin ta sauka, alamar a fara. Abokin karon ya kawo sara, Luc ya tare da garkuwa, ƙarar ta ratsa ni har ƙafa. Bernard sulkensa ya yi masa nauyi, numfashi ma da ƙyar. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Duk wanda ke cikin igiya, in ya ga haɗari, yana da ikon tsayar da faɗa. Ka ce halte, wato a tsaya."

Ni da ko a shago ba a jin muryata, na buɗe baki na ce, "Halte!"

Wallahi kamar an yanke musu igiya. Takubban biyu suka sauka ƙasa, tsohon ya gitta sandarsa a tsakani, fili ya yi tsit. Ɗaruruwan idanu suka dawo kan baƙin mutum mai baƙar riga, ba takalmi. Kunya ta kusa kashe ni, amma na taka na je.

Luc ya ɗaga murfin kwalkwali yana huci. "Me kuma ya faru?"

Na ce, "Ni na ɗinka rigar da ke jikinka. Na manta allura a ciki. Ka yi haƙuri, ka tuɓe."

Ya ce shi bai ji komai ba, kuma sa sulken nan kaɗai ya ci masa minti ashirin. Alƙalin ya ce ba shawara ake ba shi ba. Cire sulke kuwa abin kallo ne: mutum ya sunkuya kamar mai ruku'u, ya yi ta girgiza har ya zubo ta kansa. Na durƙusa gabansa na fara daga kafaɗa. Layi na ɗaya, na biyu, na goma, duk suna lanƙwasawa. Zuciyata ta fara cewa Kawu ne da gaskiya, ka tsayar da taron mutane a kan banza. Na zo gefen hagu, yatsu huɗu ƙasa da hammata, na lanƙwasa, layin ya ƙi.

Na tura da babban yatsa daga ƙasa. Kan basillar ya leƙo ta cikin yadi, na ja ta fito gaba ɗayanta. Ba a kwance take ba, ninkin buhu ya karkata ta, tsininta na duban haƙarƙarinsa. Na zauna daɓas a kan ciyawa ina ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba, ban ko damu da masu kallo ba.

Luc ya karɓe ta ya auna a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Nan ne wurin da nake yawan bari a buɗe, ba garkuwa. Kowa ya sani, nan suke nema." Sannan ya tambaye ni daga ina na zo. Na ce daga Paris, yau da asuba. Ya miƙo hannu ya ɗaga ni tsaye kamar buhun auduga, ya mayar mini da ita ya ce, "Riƙe kayanka, tela. Ka tsaya ka ga aikinka."

Na tsaya. A karo na biyu sara ya same shi a daidai wurin nan, har na ji tim daga inda nake. Ya yi taga-taga, ya yi dariya, ya ci gaba. Na yi azahar bayan wani tanti, aka kawo mini miyar wake da albasa a akushin katako da burodin abokina mai mota. Ban taɓa cin abinci mai daɗin wannan ba a ƙasar nan, alhali ko gishiri bai ji ba.

Lahadi, komawa

Na kwana a unguwar Guillotière a Lyon wajen Malam Habu, wani ɗan Maradi mai sayar da atamfa. Ya ba ni tuwon semo da miyar kuɓewa busasshiya, ya sa na maimaita labarin sau biyu don maƙwabta. Takwas na safe na hau jirgi, wannan karon na yarda yana gudu. Sha ɗaya saura ina ƙwanƙwasa ƙofarmu a Montreuil. Hadiza ta buɗe, idona kawai take kallo. Na zaro basillar daga cikin burodin da ta ba ni, inda na soke ta don kada ta huda aljihu. Ta dafe ƙirji, ta juya ta ɗora shayi.

Na gode wa Allah da ya kai ni a kan lokaci ya maido ni lafiya. Na gode wa mai motar burodi da ban tambayi sunansa ba, da matar ƙofa, da Malam Habu, da mahaifina da tsohon da ya saƙa rigar nan, Allah ya jiƙansu. Bernard bai ɗauke aikin ba, ko da yake tun daga ranar a gabansa nake lanƙwasa kowane layi kafin a sa a buhu.

Ranar Litinin da la'asar ina tsakiyar ɗinki Kawu ya ce salla. Hannuna ya tafi da kansa zai soke allura a cikin yadi. Na tsayar da shi a sama, na daɗe ina kallonsa. Kawu na bakin ƙofa yana jirana, bai ce in yi sauri ba. Na zare allurar, na sa ta a gwangwani, na rufe, sannan na tashi.