Cinikin Umma a Coney Island

Wataƙila wasu abubuwan sun shige mini, amma ga yadda nake tuna ranar.

Shekarar da na gama jami'a Umma ta zo daga Kano, ni da ƙanwata muka kai ta Coney Island. Kusa da bakin teku akwai wani tsohon shago mai sayar da tawul da silifa. Umma ta zaɓi tawul na tsarabar jikoki, ta ce, "Gaya masa ya rage, ai sun sha rana."

Na ce a nan ba a ciniki, abin da aka liƙa shi ake biya.

"Kai dai faɗa masa."

Ga layi a bayanmu, kunya ta kama ni. Sai na roƙi dattijon mai shagon da Turanci ya gyaɗa kai kawai, in Umma ta biya nata farashin zan cika sauran da kati a ɓoye. Ya yi murmushi, ya gyaɗa.

Har yau Umma tana ba da labarin a gidajen biki, wai ta karya farashi a Amurka, ɗanta mai digiri yana gefe yana rawar jiki. Ina jin ban kyauta ba, ko da yake ban san wanne ya fi muni ba, shirun ko faɗa mata. Bana za ta dawo, kuma ta ce ita kaɗai za ta shiga shagon.

Duk wanda yake wurin, in na yi kuskure ya gyara mini, amma ba a guruf ɗin WhatsApp na gidanmu ba, don Umma tana ciki.