Filin da Dhondiba Ya Sare da Hannunsa

Dhondiba Jagtap yana da shekara goma sha tara ya sauko birnin Pune na ƙasar Indiya daga ƙauyensu na kan tudu, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa har shanun mahaifinsa suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan garinsu mai gadi ne ya samo masa aikin lambu a wata sabuwar unguwa ta manyan ma'aikata a bakin gari, gida arba'in cikin katanga ɗaya, da fili a tsakiya. A kan wannan fili ya yi shekara talatin da ɗaya.

Ciyawar filin ba ta ƙasar ba ce. A mota aka kawo ta a nannaɗe, aka shimfiɗa kamar tabarma, kuma tun daga ranar ba ta daina neman ruwa ba. Da bazara tankar ruwa biyu take shanyewa a mako. Dhondiba ya aske ta, ya yi mata feshi, ya bi ta a tsugune da 'yar wuƙarsa yana tumɓuke duk tsiron da ya kuskura ya leƙo. Tumfafiya kuwa gaba yake yi da ita. Matarsa Anusaya takan ce masa, "Da ka kula da kanka rabin yadda kake kula da ciyawar mutane, da wannan sanƙon bai cinye ka ba."

A gida na goma sha biyu akwai Sulabha Pendse, malamar makaranta da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana ƙasar waje. Duk unguwar ita kaɗai ce take ba Dhondiba shayi a kofin da take sha da shi, ba a wanda ake ajiye wa 'yan aiki a bayan taga ba. Wata safiya ta tarar ya tara tsirran da ya cire, ta tsuguna tana juya su.

"Kawu, wannan mene ne sunansa?"

Ya faɗa mata. Ta ɗaga wani, ya faɗa, har da abin da awaki ke yi in sun ci shi, da tsuntsun da ke son 'ya'yansa. Ta dube shi ta ce, "Shekara talatin ina koyar da ilimin tsirrai, ashe malamin yana ƙofar gidana yana zubar da littafinsa a bola."

Shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, kuɗin tanka ya ninka, sai Sulabha ta kai shawara gaban kwamitin unguwa: a cire ciyawar nan, a shuka tsirran ƙasar waɗanda ruwan sama ya ishe su, tsuntsaye da ƙudan zuma su samu wurin zama. Shugaban kwamiti, Vasant Ranade, bai damu da tsuntsu ba, amma maganar tanka ta shige shi. Aka amince.

Wanda ya ƙi shi ne Dhondiba.

"Ranki ya daɗe, daji kike so in kawo wa mutane cikin gida? Gobe in abu ya ɓaci, ni za a kama."

"Wa zai kama ka ina nan? Ni na kawo maganar, ni na sa hannu. In yabo ya zo mu raba, in zagi ya zo ni zan tsaya a gaba."

Ya yi kwana uku yana juya maganar, sannan ya ɗauki fartanya.

Bayan damina ya hau mota ya koma ƙauye, shi da Anusaya, suka bi tuddan da ya yi kiwo yana yaro suna tsintar iri a ƙullin zane. Ya kawo magarya da bagaruwa, da dashen ɓaure guda biyu, da ciyayin tudu masu dogon kai, da ɗaiɗoyar daji, da tumfafiyar da ya yi rabin rayuwarsa yana kashewa. Shekarar farko wurin ya yi kama da kangon da aka manta. Masu yawon safe sukan tsaya su ce, "Dhondiba, yaushe za ka kawo awakin?" Yakan yi dariya ya ce sai shugaba ya sa hannu.

A damina ta uku filin ya tashi. Tsutsotsi suka cinye ganyen tumfafiya tas, ransa ya ɓaci, sai Sulabha ta ce ya ba su mako biyu. Kafin mako biyun su cika malam-buɗe-littafi ya cika wurin, ruwan goro da baƙi, har suna sauka a kan hularsa. Ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suka yi sheƙa a cikin magarya. Aku suka gano ɓaure. Wata tunku ta haihu a ƙarƙashin tarin duwatsun da ya jera. Da rana yakan zauna a inuwa ya buɗe gurasar dawarsa da albasa da barkono, ya ci yana kallo, wani lokaci har abincin ya bushe a hannunsa. Ya gaya wa Anusaya cewa tun da ya bar ƙauye bai taɓa jin yana gida ba sai yanzu.

'Yan jarida sun zo sau ɗaya. Hoton Sulabha ne ya fito, shi kuma gefen kafaɗarsa kawai aka gani. Bai damu ba. Ya yanke takardar ya liƙa a bangon ɗakinsu.

Abin ya ɓaci ne wata Laraba da hantsi. Matar shugaba tana ratsa filin sai wani dogon maciji mai cin ɓera ya gilma ta gabanta. Irin macijin nan ba shi da dafi, kowane manomi ya san haka, amma ta ƙwalla ihu ta juya da gudu, ta faɗi a kan dakali, hannunta ya karye. Ran Lahadi aka kira taro.

Dhondiba ya tsaya a bakin ƙofar zauren, takalmansa a waje. Bai ji tsoro ba, domin ga Sulabha can zaune a layin gaba. Abin da bai sani ba shi ne ɗanta zai dawo gida da iyalinsa, kuma takardar neman izinin ɗora bene a kan gidanta tana kan teburin Ranade tun wata guda.

Ranade ya buga tebur. "Wa ya mayar mana da unguwa jeji? Malama, ke kika kawo wannan shawara."

Sulabha ta miƙe, ta gyara mayafinta. "Ni furanni na ce a shuka, 'yan daidai, masu tsari. Sauran duk mai lambu ne ya kwaso daga ƙauyensu. Na sha gaya masa ya rage, ya kwashe duwatsun nan. To, kun san mutanen nan, in suka ga an sake musu fuska."

Ba ta waiwayo ba. Dhondiba ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Duwatsun nan ita ta nuna masa inda zai jera su, har ta riƙe masa kwando. Ya buɗe baki, wani daga cikin masu gida ya ce, "Kai, ba a tambaye ka ba." Ya rufe.

Aka yanke cewa a share filin cikin mako guda. Ranade ya ce za a kawo motar tura ƙasa. A nan ne kawai Dhondiba ya yi magana. Ya ce a bar masa, zai yi da hannu.

Kwana shida ya yi yana sara. Ya fara daga gefe ɗaya, a hankali, don abin da ke ciki ya samu hanyar fita ta bayan katanga. Magaryar da ke da sheƙa ya bar ta sai ranar ƙarshe, ko 'ya'yan za su yi fiffike. Ba su yi ba. Ya ɗauke sheƙar ya saƙala a wata bishiya a waje, uwar ta yi ta kewaya wurin da magaryar take tana kuka, ba ta bi shi ba. Duk kwanakin nan tagar gida na goma sha biyu a rufe take.

Bayan wata guda aka kawo ciyawar roba aka shimfiɗa. Ita ba ta son ruwa, ba ta son aski, ba ta son mai lambu. Aka yi masa ɗan bikin sallama, aka yafa masa mayafi aka ba shi kwakwa kamar yadda aka saba. Sulabha aka zaɓa ta miƙa masa, a matsayin wadda ta fi kowa saninsa. Ya karɓa da hannu biyu, idonsa a ƙasa. A bayanta magina suna ta hawa saman gidanta da bulo, aikin bene ya kankama.

Yanzu shi da Anusaya suna sayar da dashe a bakin titin da ya nufi garin Saswad, ƙarƙashin wata rumfar buhu. Ciniki ba laifi. Bara wata mota ta tsaya, Sulabha ta fito tana dogara sanda, ta ce tana neman abin da za ta sa a tukwane a saman bene.

"Kawu," ta ce a hankali, "ka san yadda lamarin ya kasance. Yarona ne zai dawo."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Ba ka riƙe ni ba dai?"

Ya ɗauki butar ban-ruwa ya ce, "Anusaya, ga mai saye," ya zagaya bayan rumfa. Yana jin matarsa tana cewa duk an riga an saye, alhali tukwane sun fi ɗari a gabanta. Bai fito ba sai da ya ji tashin motar.

Da ya dawo Anusaya ta zuba masa shayi, ta ce matar ta tsufa ƙwarai. Ya ce haka ne. Sannan ya tambaye ta ko ta tuna ta sayo buhunan dashe, domin damina ta kusa.