Hantsin da Inna Metiron Ta Yarda da Shi

Inna Metiron a ɗakin kwanan 'yan mata ta tsufa. Ita ke tashinsu da safe, ita ke jiƙa wa mai zazzaɓi tsumma, ita ce kuma ke gane mai ciwon ƙarya tun daga yadda take jan silifas. Faɗa kam kamar ta ari baki, amma duk yarinyar da ta yi kuka a makarantar nan, a gefen zaninta ta share hawaye.

Da aka zaɓi ɗalibai zuwa gasar kimiyya a ƙasar waje, sai aka ce Inna ta raka su saboda Auta. Auta ce ƙwaƙwalwar tawagar, ita ce kuma mai sikila. Da sanyi ya ɗan taɓa ta, ƙasusuwanta sun kama ciwo ke nan, sai gadon asibiti. A filin jirgi mahaifiyarta ta riƙe hannun Inna ta ce, "Yaya, ga amana nan. Ki raba min ita da sanyi."

"Haba ƙanwata, yau na fara riƙon Auta?"

An sayi rigunan sanyi masu kauri, har da safar hannu. To amma wa zai kinkimi bargo a jiki yana zufa? Aka danne su cikin manyan akwatuna, aka miƙa wa ma'aikatan jirgi, wai in an sauka a ciro.

Jirgi ya ƙi tashi. A yi haƙuri, a ƙara haƙuri, har yaran suka gaji da ɗaukar hoto suka baje a kan kujeru. Kafin su isa inda za su canja jirgi, nasu ya yi gaba, sai washegari aka cusa su a wani. Tun daga nan Inna ta fara tambayar ina akwatunansu suke.

Da suka sauka da safe, injin da ke fito da kaya ya yi ta juyi har ya tsaya cak. Ko akwatinsu ɗaya babu. Malamin kimiyyar da ya rako su ya kwashi sauran ɗalibai ya nufi ofishin kaya, ya ce, "Inna, ku zauna nan, yanzu zan dawo."

Shiru, shiru. Auta na zaune cikin doguwar riga shara-shara, ta fara murza yatsunta. Inna ta ga hakan, hankalinta ya tashi. Ta ɗaga kai, sai ga rana a bayan gilashi, tar, sama ko gajimare babu. A makaranta, duk ranar da Auta ta tashi da sanyin jiki, tabarma Inna ke shimfiɗa mata a bayan ɗaki ta sha hantsi, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

"Tashi mu je ki sha hantsi."

Ƙofa ta buɗe musu da kanta, ta rufe a bayansu. Iska ta mare su. Ga rana a fuskarsu, amma ko ɗumin ashana ba ta da shi. Inna ta ga numfashinta yana fita kamar hayaƙi, tsoro ya kama ta. Ta juya da sauri, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta buga, ta sake bugawa. Mai gadi daga ciki ya girgiza kai, ya nuna mata can ƙarshen ginin da hannu. Ashe wannan ta fita ce kawai, ta shiga tana da nisa.

Ta cire mayafinta ta naɗe yarinyar, suka kama tafiya gefen bango, iska na ratsa su. Ba su kai rabi ba Auta ta tsaya, ta dafe gwiwa.

"Inna, ya fara."

Inna ta durƙusa ta goya ta, budurwa guda, tana haki, tana hangen ƙofar da ta ƙi matsowa. Ta fi son ta ji kuka. Amma haƙoran yarinyar kawai take ji suna kaɗawa.

"Yi min magana, 'yar nan."

Auta ta kai baki kusa da kunnenta, muryarta da ƙyar take fita.

"Inna, kada ki damu. Zan ce wa Mama ni na matsa mu fito."