Furotin da Zoben Maigida

Ƙarfe huɗu na yamma abin ya fara lalacewa. Na tsaya a tsakar gidanmu da littafi a hannu, na buɗe baki, ba abin da ya fito.

A waccan shekarar damina ta yi gardama, sojoji na mulki, an rufe jami'a aka ce kowa ya tafi gida. Da an buɗe kuwa jarrabawar baka ke jirana a Yamai, ni da ko sallama na yi sai an ce in maimaita. Shi ya sa na roƙi Kaka da Gwaggo su saurare ni in gwada. Suna zaune suna tsince tsakuwa daga masarar taimako.

Da ƙyar na fara, idona a ƙasa. Na ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai furotin iri-iri masu miƙa wa juna saƙo. Wani yana da ɗan gurbi kamar aljihu. Ba ya kama kowa sai abokinsa, shi ma sai an maƙala masa wata 'yar alama da ake kira fosfat.

"Ɗaga murya, ƙawata," in ji Kaka. "Ko da akuya kike magana?"

Gwaggo, wadda mijinta ke cirani a Legas, ta ce ita ta gane. "Kamar direban motar garin Ɗan Barto ne. In ya zo da saƙo bai nuna min zoben maigida ba, ko ruwa ba na ba shi."

Na ce kusan haka ne, amma zobe kaɗai bai isa ba. Gurbin yana taɓa alamar, yana kuma laluba abin da ke gefenta.

"To ai ni ma ina duban fuskar direban."

"Gwaggo, furotin ba shi da ido."

"Makaho ne ke nan. Wa ke aiken makaho da saƙo?"

Nan fa muka kaure. Na jefar da littafin kan tabarma, na ɗauko kwano da murafe uku, ina gwada mata wanda ya zauna da waɗanda suka ƙi. Tana musu, ina mayarwa, har gumi ya jiƙa min ɗankwali.

Da na tsaya shan iska, na tambayi Kaka ko ta fahimta.

"Ko kalma ɗaya," ta ce. "Amma je ki Yamai abinki. Tun ɗazu maƙwabta ke leƙe ta katanga, sun ɗauka faɗa ake yi."