Man Shanun Maijego a Cikin Injin Akori-kura

Maigidana cikin shanu ya tashi. Da daji ya lalace, aka fara kore wa mutane garke da tsakar rana, sai ya sayar da 'yan da suka rage masa ya sayi tsohuwar akori-kura, yana ɗaukar gero da wake daga ƙauyenmu na bayan Bukkuyum zuwa kasuwannin Gummi da Anka. Tuƙi kam ya koya. Amma har yau ban yarda ya taɓa ɗaukar motar nan a matsayin ƙarfe ba. "Nagge" yake ce mata, wato saniya da Fillanci. Da safe sai ya shafa mata goshi kafin ya gaida ni, kuma na sha faɗa masa haka a gaban ƙannensa.

Shekarar da ɗiyarmu ta fari ta dawo gida goyon ciki, a shekarar ne motar ta ɗauki wani hali. Yau a murza makulli ta tashi, gobe ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Ya koma ajiye ta a gangaren bayan masallaci, in ta ƙi sai maƙwabta su tura. Ni turin nan ne ya hana ni sukuni. Ungozoma ta duba yarinyar ta ce kada mu kuskura a haihu a gida, cikin bai yi mata kwanciyar da take so ba, asibitin Gummi za a kai ta. To da me? Mai naƙuda a bayan mashin, a hanyar da kowa ya san ba a tsayawa? Ko in bi gonaki ina neman masu turi?

Shi kuwa Bafillace ne. Mutanensu ba sa kama sunan ɗan fari, balle su nuna damuwa a kansa. "Waccan ta ci abinci?" Iyakar abin da yake tambayata ke nan, shi ma yana kallon bango.

Bakaniken Anka ya ce batir ne. Aka sayi wani, ya yi 'yan kwanaki ya mutu kamar na farko. Na ce wannan karon ƙafata ƙafarsa, na ɗauki daddawata ta sayarwa na shige gaba muka tafi Gummi wurin mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Mutumin ya ɗora mitarsa a kan batir mota na aiki, ya girgiza kai.

"Hajiya, batir ba shi da laifi. Randa ce, ana ɗiba ba a zubawa."

"To wa ke zubawa?"

Ya nuna mini altaneta, ya ce ita ke mayar wa batir wuta, bel kuma shi ke juya ta. Ya kwance ta ya gwada, lafiya lau. Da ya zo mayarwa sai ya murza bel ɗin da yatsa, ya ce santsi gare shi, mai na ɗiga masa daga wani wuri, shi ya sa yake zamewa bai juya ta yadda ya kamata. Ya wanke shi da fetur, ya ɗaure, ya leƙa ƙasa da sama bai ga inda ke yoyo ba. Maigida na tsaye yana gyaɗa kai kamar limami. Muka dawo jar fitilar batir ta gaban sitiyari, wadda ta daɗe tana kamawa, a mace. Kafin kasuwa ta zagayo ta sake kamawa.

A ajin yaƙi da jahilci, wanda na shiga da furfura a kaina, malamarmu takan ce in lissafi ya ƙi fita a koma farkon layi. Na koma. Abin da na tarar a farkon layi ba a mota yake ba, a ɗakina yake. Man shanun da ƙanwarsa ta aiko daga ruga, wanda na soya na adana don kunun maijego, kullum ƙasa yake yi. Na zargi mage, na zargi mai cikin ma, Allah ya yafe mini. Sai wata hantsi ina shanya na hangi kiyashi sun yi layi, sun hau tayar gaba sun shige ƙarƙashin bonet. Kiyashi ba sa bin baƙin mai. Na matsa na shinshina, sai ƙamshin tuwon sallah ya buge ni.

Washegari gari na wayewa na laɓe bayan rumbu. Ga shi nan ya fito da murfin kwano, ya ɗaga bonet, ya lakato da yatsa yana bin bel ɗin a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Malam! Mi kaka yi?"

Saura kaɗan bonet ya faɗo masa a ka.

"Kuka taka yi da sahe," in ji shi. "Ƙii-ƙii. In na shafa mata sai ta yi shiru."

"Ba ka ji abin da mai rewaya yac ce ba?"

"Shi baƙin mai shika nufi. Wanga man shanu na! Igiyar hwata in ta bushe da mi aka gyara ta? Guga fa? Baffana bai taɓa barin hwata ta tsage ba."

"Baffanka ya taɓa tatsar akori-kura?"

Na yi masa tas, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya bar ni na gama, yana goge yatsa a gefen riga. Sannan ya ce, yana kallon taya, da can sai ranar kasuwa yake shafawa. Tun da ungozoma ta yi maganar nan ne ya koma kullum, don kada ranar ta zo motar tana ciwo.

Na bar faɗan. Na karɓe murfin kwanon kawai, na ce ya shirya.

Da muka koma Gummi muka faɗa masa, mai rewaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce kukan na sakin bel ne, ɗauri yake so, ba man kitso ba. Ya sa sabo, ya ɗaure tam, ya wanke inda yake bi, ya ce ko ruwan zamzam ne kada a ɗiga masa. Maigida ya tambaye shi ko ɗaurin bai yi mata zafi ba. Na taka masa ƙafa.

Naƙuda ta zo ranar wata Talata bayan azahar, maza duk suna gona. Ba mai turi ko ɗaya a unguwar. Muka shimfiɗa katifa a baya, ni da ungozoma muka riƙe ta. Na ji ya ce bismilla, na rufe ido. Murzawa ɗaya, ta tashi.

A asibiti bai shiga ba, ba zai iya ba. An jima sosai kafin ta haihu, sai da likita ya sa hannu. Da na fito wajen la'asar sakaliya na same shi zaune a mota, inji na ta aiki, bai kashe ba tun zuwanmu, wai ko za a ce a wuce da ita gaba.

"Kashe ta, Malam. Ka yi amarya, su biyun lahiya lau."

Ya kashe. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya daɗe, ni kuma na juya ina gyara mayafi don kada ya ji kunya. Can ya ɗago ya ce, "Waccan ta ci abinci?"

Sauran man shanun maijego ta sha a kunu. Na ɗebar masa kaɗan a murfin kwanon nan, na ce na fason ƙafarsa ne, kuma zan riƙa dubawa.