Rijiyar da Gafiya Bai Ƙarasa Ba

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe wa Gafiya igiya. Shi yana ƙasa yana haƙa, ni ina sama ina jawo ƙasar da guga. Duk wata rijiyar kirki a ƙauyenmu aikinmu ce, amma in an tashi yabo sai a ce rijiyar Gafiya, ni ko oho, sai ka ce ƙasar da ƙafarta take fitowa. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ko za a yanka ni ba na shiga rami.

Haƙan ne ya jawo masa sunan, kuma ya amsa shi da hannu biyu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da jar ƙasa a gashinsa, ga surutu kamar ya ari baki. Yana gaba takwas a ƙarƙashin ƙasa amma sai ya san wace ce ta wuce da tulu, ya ɗago murya ya gaishe ta. Yakan ɗebi ƙasa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido ya ce saura gaba biyu a kai ruwa. In aka yi gaba huɗu ba a kai ba, sai ya ce ruwan ne ya ji motsinmu ya ƙara gaba.

Sau ɗaya na taɓa ganin ya daina wasa a bakin haƙa. Ina cikin jawo guga cike da tsakuwa sai rina ta harbe ni a wuya, na saki igiyar na kai hannu wurin. Gugan ya koma da nauyinsa ya tsaga masa kafaɗa. Da ya fito jini ya wanke masa riga, na sha jinin jikina, na ce yau zan sha zagi har na kakannina. Bai zage ni ba.

"Ɗan'uwa," ya ce, "in kana riƙe da mutum, ko me ya cije ka, ka ajiye zafin sai ya taka ƙasa. Daga nan ka yi ihunka."

Washegari kuwa ya laƙa mini Angon Rina, sunan ya bi ni har wurin surukaina.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ita kaɗai ta rene shi. Abin kunya, duk haƙan nan da muke yi wa mutane, ita sai ta yi tafiya mai nisa da bokiti kafin ta sami ruwa. Kullum sai ta yi masa gori. Ranar da gorin ya ishe shi ya zana da'ira a tsakar gidanta, kusa da bishiyar lemo, muka fara. Muna gaba bakwai yaƙi ya matso.

Mu ba mu ji ƙarar bindiga ba, mutanen da suka gudo muka gani. Suka yi ta wucewa ta bakin hanya da ƙunshin kaya a ka, tsofaffi a cikin baro, yara sun gaji har sun daina kuka. Gafiya ya wuni yana ɗebo musu ruwa. Kwana uku bakin nan nasa bai buɗe ba, a na huɗu ya ce mini ya ba da sunansa a wurin masu ɗaukar soja.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa? Wa ka bar wa tsohuwar nan?"

"Kai mana," ya ce. "Ko rina za ta hana ka?"

Ya jera katako a bakin ramin, ya ɗora kwanon rufi ya danne da duwatsu. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Kada ki bari kowa ya taɓa mini aiki. Ni na fara, ni zan zo in ƙarasa."

Yakan kira mu a waya jefi-jefi. Ya ce har a can ma haƙan ne, ramin ɓuya, ramin bayan gida, wani lokaci kabari. An ba shi bindiga, amma shebur ya fi saninsa. Kowane kira sai ya tambayi ramin gidan Inna kafin ya tambayi lafiyata.

A shekara ta biyu wasu sojoji biyu suka zo da jakarsa. Suka ce ya rasu a bakin aiki, an binne shi a can. Iyakar abin da suka sani ke nan.

Mutane suka cika gidan, Inna ta fito ta naɗe tabarmin da aka shimfiɗa. "Wa ya mutu?" ta ce. "Jaka aka kawo mini, ni kuwa ba jaka na haifa ba. Yaron da ya bar aiki a buɗe ai zai dawo." Duk wanda ya buɗe baki zai yi mata ta'aziyya sai ta juya masa baya.

Haka muka yi shekara uku. Katakon ya ruɓe, akuyar maƙwabta ta faɗa ramin ta karye, mai unguwa ya zo da kansa ya ce ko a ƙarasa ko a cike. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin ramin, ta ce sai dai a cike da ita. Ta rame, ta daina shiga mutane, in mota ta tsaya a bakin hanya sai ta miƙe. Wata rana haƙurina ya ƙare na ce, "Inna, don Allah ki bari, ba zai dawo ba." Wata biyu ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Tsorona shi ne ta mutu tana jira.

Ana nan sai ga wani dogon mutum da rana tsaka yana tambayar gidan su Gafiya. Ya ce shi kofur ne a da a rundunar su Gafiya, ya bar aikin soja, kuma ya daɗe yana tara ƙarfin halin zuwa. Na kai shi. Ya zauna a ƙasa gaban Inna, ya ƙi hawa tabarma.

Ya ce sun sauka a wani gari da mutanensa suka watse, tare da masu gudun hijira, kwana biyu ba ruwa. Suka sami tsohuwar rijiya da shara ta toshe. Gafiya na da ciwo a ƙafa, ba zai iya sauka ba, sai ya ɗaura wa kofur igiya a ƙugu ya ce shi zai riƙe.

"Ina tsakiya, Inna, ban kai ƙasa ba, sai aka buɗe mana wuta. Ina jin kowa yana ihu a kwanta. Da ya sake ni, kan duwatsu zan faɗa. Igiyar ta girgiza sau biyu, amma ta ci gaba da sauka a hankali. Sai na ji muryarsa yana cewa, 'Ka taka?' Na ce na taka. Sannan igiyar ta zubo a kaina." Ya ci gaba da cewa, "Da aka fito da ni na gan shi kwance a bakin rijiyar. Wuri biyu harsashi ya same shi. Da hannuna na haƙa masa kabari, kuma da yana gani da ya ce ban iya ba."

Ni dai na kasa riƙe kaina, na yi kuka a gaban baƙo. Inna ko gezau. Ta daɗe tana kallon hannuwan mutumin, sannan ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, gobe ka zo da igiyarka."

"Inna, wa zai shiga?"

Kofur ya sunkuyar da kai ya ce tun ranar ko leƙa rijiya ba ya iyawa, amma zai riƙe. Inna ta ci gaba da kallona, har na gane ni take nufi.

Da safe na sauka, ina karanto duk addu'ar da na sani har da ta cin abinci. Na kwashe ruɓaɓɓen katako da busassun ganye, na kama diga. A rana ta biyu ƙasar ta fara danshi. Ban cika haƙa gaba guda ba ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsun ƙafata, mai sanyi. Na tsaya a wurin ina jin haushin Gafiya da kewarsa lokaci guda, aikin kwana biyu kacal ya rage masa.

Muka bari ruwan ya kwanta, na ɗebo a kofi na kai wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu ta sha, ta miƙa wa kofur sauran. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan wani abu. Ta fito da tabarmi ta shimfiɗa a tsakar gida, ta zauna ta gyara mayafinta.

"Je ka gaya wa mutane," ta ce da ni. "Ka ce ɗana ya rasu, su zo su yi mini gaisuwa."